Taga a Jikin Gawo

Jiya ina zaune a bakin shago na ji ɗayanku yana cewa ai ɗora wa saba manhaja ba wani aiki ba ne, danna nan ne danna can, kafin shayi ya huce an gama. Ban tanka ba, don akwai goro a bakina. Yau babu, saboda haka ku ja benci ku zauna. Na yi furfura a cikin sana'ar nan, kuma aikin da ya fi wahalar da ni ba a cikin kwamfuta matsalarsa take ba. A gonar wani tsoho take, kuma saura ƙiris in zama sanadin sare masa bishiyar da ke riƙe da gidansa.

Da gyaran rediyo na fara, a nan Ɗambatta. Da na ga kasuwar rediyo ta fara ja da baya sai na tafi Kano wurin Malam Ilu, wanda ya koya mini kwamfuta. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Wata uku na yi a shagonsa ba abin da nake yi sai matse kan waya. Kun dai san wayar sadarwa, siraran wayoyi takwas ne a cikinta, kowace da launinta da gurbinta. Ka jera su, ka datse su daidai, ka zura a kai, ka matse da filaya. In ya ɗaga ya ga ɗaya ta gaza, ba zai ce maka uffan ba, almakashi zai sa ya guntule ya miƙo maka. Ku kuwa kwana biyu kuka yi a nan kuka fara tambayata yaushe za ku taɓa saba.

Na lura ma wasunku sun ɗauka kowace kwamfuta mai ƙiba saba ce. A'a. Saba ita ce wadda sauran kwamfutocin wuri ke kai wa ajiya, su kuma karɓo daga wurinta, kuma ba a kashe ta. Tamu ta wancan lokaci ba ta da kwalliya, baƙin allo ne da farin rubutu. Ran da Malam Ilu ya bar ni in ɗora mata babbar manhaja, wato wadda in babu ita na'ura ƙarfe ce kawai, na ɗauko faifai zan zura sai ya buge mini hannu. Ya ce, "Ka duba wuta?" Ban duba ba. Daga ranar na haddace jerin. Ka fara duba wuta da batir. Ka gyara agogon cikin na'ura, don saba mai ɓataccen agogo duk abin da ta rubuta ƙarya ne. Ka raba rumbun ajiyarta gida biyu, ɓangaren manhaja daban, ɓangaren bayanan mutane daban, don ran da manhaja ta lalace kada ta tafi da kayan jama'a. Ka raɗa mata suna, ka ba ta adireshin da ba ya sauyawa, ka rubuta a takarda ka manna a jikinta. Ka sa lambar sirri wadda ba sunan matarka ba ce.

Bayan wannan sai gwajin layi. A bakin sana'a fing ake cewa, amma Malam Ilu sallama yake kiransa, ni ma haka nake kiransa har yau. Ɗan saƙo ne za ka aika wa wata na'ura, ka jira ta amsa. Shi ma da jerinsa. Saba za ta fara yi wa kanta sallama, in ta amsa to cikinta lafiya. Sai akwatin raba layi da ke ɗaki ɗaya da ita, sai eriyar da ke kan rufi, sannan na nesa. Inda amsa ta tsaya, nan ciwon yake. Sallama goma muke aikawa, mu ƙirga nawa suka dawo.

Aikin da zan ba ku labari wata ƙungiya mai kula da lafiyar yara ce ta ba ni, a wani ɗan asibitin ƙauye gabas da nan. Layin wayar hannu bai kai garin ba a lokacin. Abin da suke so shi ne saba a asibitin, ta riƙa ajiye sunayen yara da awonsu, ta aika da su ofishinsu da ke nan Ɗambatta ta hanyar eriya. Da waɗannan sunaye ofis ke sanin yawan magani da abincin masu tamowa da za a loda wa kowane asibiti duk mako. Eriya ɗaya a kan rufin asibiti, ɗaya a kan dogon ƙarfe a ofis, kuma dole su ga juna ido da ido. Gini ko tudu ko ganye mai duhu in ya shiga tsakani, saƙo ba zai wuce ba. Saboda haka Malam Ilu ya kafa mini doka: a yi awon hanya da damina, lokacin da kowace bishiya ta cika da ganye. In saƙo ya wuce a lokacin, zai wuce kullum.

Da tsakiyar damina kuwa na je. Mai kula da asibitin wata mata ce, Sista Rabi, mai faɗa da baki amma mai taushin zuciya. Ta ware mini ɗan ɗakin da take ajiye kwalaye, muka share, na kafa batura da allon sola, na ɗora manhaja bisa jerin Malam Ilu. Washegari da na dawo na tarar ta lulluɓe sabar da wani zane mai aikin saƙa, wai don kada ta ga an wulaƙanta ta. Da ƙyar na shawo kanta cewa na'urar numfashi take yi ta baya.

Da na zo hawa rufi, wanda ya riƙe mini tsani wani tsoho ne mai suna Baba Ɗanjuma, wanda gonarsa ke bayan asibitin. Gidansu na cikin gidajen bayan gari da kakanninsu ke kan addinin gargajiya, su kuma suka shiga coci. Ba wanda ya sa shi, ganina kawai ya yi ina ƙoƙarin hawa ni kaɗai ya ajiye fartanya ya zo. Daga kan rufi na hango ƙarfen ofis can nesa kamar tsinke, ta tsakanin rassan wata ƙatuwar bishiya da ba ganye ko ɗaya a jikinta. Na ce a raina busasshiya ce. Na saita eriya, na sauko, na aika sallama goma, goma suka dawo. Baba Ɗanjuma ya kawo mini gasasshiyar masara biyu, na hau babur na dawo gida ina jin kaina.

To, shekarar ce ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Wake ya bushe a tsaye, gyaɗa ta ƙi fita daga ƙasa. Manyanku za su tuna. Ba hatsi kaɗai aka rasa ba, harawa da karan da dabbobi ke ci su ma babu. Kafin kaka ta wuce layin mata masu goyo a ƙofar asibitin nan ya kai har bakin hanya. A daidai lokacin ne kuma layina ya fara ciwo. Ka aika sallama goma, bakwai su dawo. Bayan mako biyu, huɗu. Daga baya sai biyu, wata rana ma ko ɗaya. Sunaye suka daina isa ofis. Sista Rabi ta koma ɗaukar takardu a jaka tana hawa acaɓa ta kai da kanta, ga man fetur ya yi wuya, ranar kuwa asibiti a kulle yake, mata su tako daga nesa da yara a baya su koma haka nan.

Shugaban aikin, wani da muke kira Injiniya, ya ce laifina ne, ban iya ɗora manhaja ba. Sau biyu na goge ta na sake ɗorawa, alhali na san ba ita ba ce, don saba tana amsa wa kanta, akwatin raba layi yana amsawa, eriyar rufi tana amsawa. Allah ya sa na raba rumbun nan gida biyu, ko sunan yaro ɗaya bai ɓata ba. Na canza waya, na sake matse kawuna, na canza eriyar ma ɗungurungum. Duk a banza. Sai da na gama wahalar da kaina a ƙasa sannan na tuna in sake hawa sama in duba hanya da idona.

Baba Ɗanjuma ne ya sake riƙe mini tsani. Na hau, na duba inda na san ƙarfen ofis yake, ban ga komai ba sai kore shar. Na leƙo na ce, "Baba, wannan bishiyar ba busasshiya ba ce da na zo?"

Ya yi dariya har tsani ya girgiza. Ya ce, "Haba Malam Mudi, ɗan ina ne kai? Gawo ne fa. Da damina ai tsirara yake kwana, sai sauran bishiyoyi sun tuɓe, shi kuma ya sa riga."

Kunya ta rufe ni a kan rufin nan. Ni da na tashi ina tsinto wa tumakin innata 'ya'yan gawo a kwando. Ba yaron da bai san halin gawo ba a ƙasar nan. Amma da na je Kano na haddace doka, sai na dawo na kalli gawo ido da ido ban gane shi ba. Dokar Malam Ilu gaskiya ce a kan kowace bishiya, ban da wannan.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma shi nake so ku riƙe. Saboda murnar na wanke kaina, ko sallar la'asar ban tsaya yi a garin ba na taho ofis na rubuta rahoto: manhaja lafiya, waya lafiya, bishiya ce ta tare hanya. Ban tambayi kaina ta wace ce ba, me kuma za a yi mata. A ƙasarmu kuwa ba bishiyar da ba ta da mai ita. Gawon nan kakan Baba Ɗanjuma ne ya bar shi a gonar, kuma a shekarar da ba harawa, 'ya'yansa ne kaɗai abincin awakin gidan har faɗuwar ruwa. Awakin nan su ne hatsin gidan, don ɗaya bayan ɗaya za a riƙa kai su kasuwa ana auno tsaba.

Injiniya ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya zo garin da kansa, ya gana da mai gari, aka kira Baba Ɗanjuma. Ina tsaye aka gaya masa ranar Litinin mai injin yanka katako zai zo. Tsohon nan ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "In don yara ne, a sare. Jikata ma tana cikin layin nan. Sai dai da an ɗan jira 'ya'yan sun nuna."

Injiniya ya ce, "Baba, wata nawa ke nan?"

"Biyu."

"Ba mu da wata biyu, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ba komai," ya tashi ya tafi. A ƙofa ya tsaya ya ce mini in gaida gida. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na bi Injiniya har bakin mota na ce ya ba ni ranar Asabar. Ya ce me zan yi da ban yi ba? Na ce ban sani ba tukuna. Ya dube ni ya ce, "Mudi, in na zo ranar Litinin goma nake son gani. In ban gani ba, inji zai yi aikinsa."

Na sake hawa rufi, wannan karon da guntun bututun roba. Na ɗora shi a saitin eriya na sa ido ɗaya na leƙa. Sai na ga ashe ba duk bishiyar ce a kan hanya ba, kafaɗarta ta hagu ce kawai, can sama. Da yake gawon bai yi nisa da asibitin ba, hanyar saƙo a wurin siririya ce. Na tuna kuma cewa mutanenmu dama suna hawa gawo da rani su datso wa dabbobi rassa, kuma ba ya mutuwa, sake tofowa yake yi. Me zai hana mu buɗe masa taga maimakon mu kayar da shi?

Ranar Asabar da sassafe na samo bututun ƙarfe na wani tuƙa-tuƙa da ya lalace, na ƙara wa eriya tsawo. Sallama ta tashi daga biyu zuwa huɗu. Ayuba, babban ɗan Baba Ɗanjuma, magidanci mai 'ya'ya uku, ya ɗaura barandami a ƙugu ya hau. Gawo ƙaya gare shi, kafin ya kai sama hannayensa duk jini. Na nuna wa Baba ɓangaren da nake nufi, ya tsaya a ƙasa yana zaɓar reshe, don shi ya san wanda in an cire bishiya ba za ta ji ciwo ba. Ni kuma dole in zauna a gaban saba, ga shi tsakanin ɗakin da gonar murya ba ta kaiwa. Sista Rabi ce ta warware wannan. Ta fita ta ce wa matan da ke layi, "Ku da kuke zaune kuna gulma, ku tashi ku yi aikin lada." Ta jera su daga tagar ɗakina har gindin gawo, kowace da goyonta.

Haka muka yi aikin. In reshe ya faɗo, sai in ji murya ta biyo layi, mace na miƙa wa mace: "An sare!" Ni kuma in aika sallama goma, in ƙirga, in faɗa ta taga. "Huɗu!" Sai ka ji huɗu tana tafiya har ta ɓace a gona. Reshe na biyu ma bai ƙara komai ba, na ji raina ya ɓaci don na san asara ce. Na uku ya kai mu shida. Da muka kai bakwai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, Sista ta daka mata tsawa wai ba biki ake ba. Rana ta take, Ayuba yana sama tun hantsi ko ruwa bai sha ba. Wajen azahar muka kai tara. Na sake gwadawa, tara. Na kuma, tara.

Na tashi na tafi gonar da kaina. Reshe ɗaya ya rage a bakin tagar da muke buɗewa a jikin gawon, kuma kowa yana ganinsa, shi ne ya fi kowane ɗaukar 'ya'ya, har ya rankwafo. Na ce, "Baba, a bar shi haka. Tara ta isa aiki. Injiniya kuma ni zan san yadda zan yi da shi."

Ya ce, "Goma ka aika?"

"Goma."

"Tara suka dawo?"

"E, Baba."

"To na goman fa, ɗan waye?"

Na ce masa ba yaro ba ne, gwaji ne kawai, kuma in saƙo ya ɓata a hanya na'ura takan sake aika shi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Takan sake, ko kullum tana sakewa?"

Da zan iya yi masa ƙarya da na yi. Na ce, "Sai dai in iska ta taso ta kaɗa reshen, to a nan ana iya samun tsaiko."

Ya ce, "To ai iska ba ta shawara da kai." Ya ɗaga kai sama. "Ayuba, sare."

Ban tsaya ganin faɗuwarsa ba, don idona ya kawo ruwa, kuma ba na son matan nan su gani. Ina shiga ɗaki muryarsu ta biyo ni. Na aika goma, goma suka dawo. Na aika ɗari, ɗari suka dawo. Sista Rabi ta zauna a gaban kwamfutarta, sunayen mako uku da suka taru suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya. Da na leƙa ta taga na hangi matan sun duƙa a gona suna tsince ɗanyun 'ya'yan gawon nan a faranti da bakin zane, suna kai wa gidan Baba a shanya. Ba wanda ya sa su.

Ranar Litinin Injiniya ya zo da mai inji a bayan mota. Ya zauna ya aika sallamarsa da hannunsa, ya fita ya daɗe yana kallon bishiyar da rami a kafaɗarta, ya ce wa mai inji su koma. Ba zan ce muku gidan Baba Ɗanjuma bai ji jiki a ranin nan ba, ya ji, don abin da muka sare ba kaɗan ba ne. Amma awakin sun ga damina, gawon kuma yana nan tsaye.

Kafin in bar garin ranar, tsohon ya zo bakin ɗakin saba ya tuɓe takalmansa, ya ce yana son ya ga abin da ake ƙirgawa. Na zaunar da shi a kujerata na aika goma. Bai iya karatu ba, sai na kama yatsansa ina ɗorawa a kan kowane layi in ya fito, shi kuma yana ƙirgawa a hankali da baki. Da ya kai goma ya ɗan jira ko akwai saura, sannan ya janye hannunsa ya goge a riga.

Ya ce, "Malam Mudi, rassan nan za su sake tofowa baɗi. In sun tofo kada ka wahalar da kanka da zuwa. Mu za mu riƙa share mata hanya."

Haka kuwa aka yi. Har ranar da layin wayar hannu ya iso garin aka sauke eriyar nan, ba a sake kirana a kan layinsu ba ko sau ɗaya.